Ar'ar da ake sayarwa a shagunan magani: wanke ƙoda yake yi ko ɓata ta?

Jamilu Bolari:
Assalamu alaikum. Malamai, ina da tambaya. Akwai wasu busassun 'ya'yan itace, baƙaƙe masu shuɗi-shuɗi, sun ɗan ɗara masoro girma, ana sayar da su a shagunan magungunan Musulunci da sunan ar'ar. Masu talla na cewa yana wanke ƙoda, yana kashe sanyi, yana sauke suga. Ina gaskiyar take? Nawa ake sha, kuma wa bai kamata ya sha ba?

Malam Yakubu, malamin ilimin tsirrai:
Wa alaikumus salam. Kafin a je ga nawa ake sha, a fara sanin abin da ke cikin ledar. Ar'ar sunan Larabci ne na dangin itatuwan da Turawa ke kira junifa, kuma dangi ne babba, ire-irensa sun haura 50. Wanda littattafan magani na Turai ke nufi guda ɗaya ne, Juniperus communis. Itacen ƙasashen sanyi ne, Turai da arewacin Asiya da Arewacin Amurka. Daga Dukku har Kaltungo ba za ka same shi a dajinmu ba, duk wanda ka gani a kasuwa shigo da shi aka yi. Wanda ke tsaunukan Habasha da Kenya, har ya ƙetara tsaunukan Asir na Saudiyya, shi ne Juniperus procera. Na Arewacin Afirka da aka fi sani Juniperus phoenicea ne, 'ya'yansa ja-ja ne. Duka ar'ar ake ce musu. A Maroko ma har wani itacen da ba junifa ba ana kiransa ar'ar. Kama da wane ba ta wane.

Ga yadda ake gane na ainihin. Ɗauki ƙwaya ɗaya ka duba samanta, wajen da ba tsinke. Za ka ga 'yar tsaga mai reshe uku, kamar sawun kaza. Faɗinta milimita 5 zuwa 10, jikinta da wani fari-fari kamar an barbaɗa toka, in ka goge da yatsa sai baƙin ya fito. Ka murƙushe ta, yawanci ƙwallo uku ne a ciki masu tauri, naman kuma ɗan danƙo-danƙo. Ƙamshinta kamar na ƙaro ko sabon katako, a baki kuma zaƙi ne ke fara zuwa, ɗaci ya biyo baya. Shekara biyu zuwa uku take yi a jikin itace kafin ta nuna, shi ya sa in an tsinke ba a tace ba sai ka ga korayen da ba su nuna ba sun cakuɗa. A tsince su a zubar.

Malam Habu, mai shagon magani a Tsohuwar Kasuwa:
Allah ya ƙara ilimi Malam. Ni zan faɗi yadda ake haɗawa, don kuskuren mutanenmu a nan yake. Mun saba da sassaƙe da saiwa, a zuba a tukunya a tafasa har ruwa ya koma rabi. Ar'ar ba ya son haka. Amfaninsa a cikin mansa yake, man kuma mai tashi ne, in ka tafasa a buɗe ƙamshin da ya cika maka kicin shi ne maganin ya tafi. Ana daddage giram 2, kusan ƙwaya 15 zuwa 20 gwargwadon girmansu, a turmin ƙarfe ko da bayan cokali. Dandaƙawa kawai, ba sai ya zama gari ba. A zuba a kofi, a kwarara tafasasshen ruwa mililita 150, wato bai kai kashi ɗaya cikin uku na ledar fiya wata ba. A rufe da faranti minti 10, a tace, a sha da ɗumi. Sau biyu ko uku a rana. Kumburin ciki bayan cin abinci, yawan gyatsa, tusa, nauyin ciki, a nan ya fi nuna kansa.

Famasis Rabi:
Awon da Malam Habu ya kawo daidai ne, shi ne kuma abin da kwamitin magungunan tsirrai na hukumar magunguna ta Tarayyar Turai ya rubuta: giram 2, sau biyu zuwa uku a rana. Kwamitin Jamus da ya tantance magungunan gargajiya ya sa iyakar yini giram 2 zuwa 10 na busassun 'ya'yan, wanda ya yi daidai da miligiram 20 zuwa 100 na man. Amma a lura da abin da suka amince da shi. Na Jamus matsalar narkewar abinci kaɗai ya yarda da ita. Na Turai ya ƙara da cewa ana iya shansa don ƙara yawan fitsari a ƙananan matsalolin mafitsara, kuma ya faɗa a fili cewa dogaronsa a kan daɗewar amfani ne, ba gwajin asibiti a kan mutane ba. Babu suga a ciki, babu duwatsun ƙoda, babu sanyin mata. Sun kuma ce ban da wanda bai kai shekara 18 ba, sannan in an yi mako biyu abin bai tafi ba a je a ga likita.

Jamilu Bolari:
To Anti, ai ƙara fitsarin nan shi ne wanke ƙodar da suke faɗa ko?

Dr. Usman:
A'a Jamilu, a nan ake yi wa mutane wasa da hankali. Ƙoda ba tukunya ba ce da za a zuba mata ruwa a ɗauraye. Abin da ar'ar ke yi shi ne sa ƙoda ta fitar da ruwa fiye da yadda ta saba, ana danganta hakan da wani sinadari a cikin man mai suna tafinen-4-ol. Ga lafiyayyen mutum da ke jin ɗan zafi-zafi wajen fitsari, yawan fitsarin na iya rage masa damuwa, da sharaɗin yana shan ruwa sosai, kamar leda huɗu ta fiya wata a yini. Ga wanda ƙodarsa ta riga ta raunana kuwa, ka ɗora wa gajiyayyen jaki ƙarin kaya ne. Matsalar ita ce ciwon ƙoda ba ya sallama. Mutum zai iya rasa fiye da rabin aikin ƙodarsa yana yawonsa bai sani ba, musamman mai hawan jini ko suga. Kuma su waɗannan su ne aka fi yi wa tallan wanke ƙoda. Mu da ke arewa maso gabas ba ma buƙatar a ba mu labarin ciwon ƙoda, kowa ya san halin da Gashuwa ke ciki.

Sai maganar sanyi. Kalmar nan ta haɗiye cututtuka da yawa. Ƙwayar cuta a mafitsara sanyi ce, cutar da ake ɗauka ta jima'i sanyi ce, ƙaiƙayin gaba sanyi ne, har ciwon mara na al'ada. Kowanne da maganinsa daban, ar'ar kuwa ba ya kashe ko ɗaya a jikin mutum. In akwai zazzaɓi, rawar sanyi, ciwo a kwiɓi ta baya, amai, ko jini a fitsari, cutar na iya zama ta hau ƙoda, kuma a wannan halin an hana shan ar'ar ƙarara. Gwajin fitsari na tsinke minti biyu ne, na shuka ƙwayar cuta kwana biyu zuwa uku. Yaron da ke wanka a madatsar ruwan Dadin Kowa ko a kududdufi ya zo da jini a ƙarshen fitsari, tsargiya za a fara nema, maganinta faraziƙwantal ne gwargwadon nauyinsa. Dattijon da fitsari ke fita masa da ƙyar, yana ɗiga, yana tashi sau biyar da dare, sau da yawa furostet ce, wato ƙullin da ke ƙasan mafitsarar namiji, ta kumbura ta toshe hanya. Ka ba shi abin da ke ƙara fitsari alhali hanya a toshe, sai mafitsara ta cika ta kasa fitarwa, a kawo shi da tsakar dare a sa masa roba.

Malam Habu:
Likita, ranka ya daɗe, na yarda da duk abin da ka faɗa a kan mai ciwon ƙoda. Amma kada a tsorata mutane fiye da kima. Turawa na zuba ar'ar a miyar nama da kabeji shekara da shekaru, ba a ce ƙodarsu ta lalace ba.

Famasis Rabi:
Malam Habu na da hujja a nan, a ba shi haƙƙinsa. Tsoron da ake yi wa ar'ar a kan ƙoda daga tsofaffin rahotanni ya samo asali, kuma wasu masu bincike a Jamus sun nuna cewa mai yiwuwa man da aka yi amfani da shi a lokacin gauraye ne, ko da man tafentain da ake surka fenti da shi, ko an tatso shi daga ganye da ɗanyun 'ya'ya, waɗanda sinadarin fainin ya yi musu yawa. Da aka ba ɓeraye tsabtataccen man nunannun 'ya'ya na tsawon kwana 28 ba a ga lahani a ƙodarsu ba. Sai dai wannan hujjar tana da kaifi biyu. In gaurayen ne ke kawo illa, wa ya tabbatar maka abin da ke cikin kwalbar da ba ta da suna ba ta da lamba ba gauraye ba ne? Ɓerayen kuma lafiyayyu ne. Sannan ƙwaya biyar a tukunyar da mutum shida za su ci daban take da giram 6 kullum har wata uku.

Dr. Usman:
Shi ke nan. Ni ban ce guba ba ne. Na ce lafiyayyen baligi, ɗan lokaci, kada ya wuce mako huɗu ko da yana jin daɗinsa. Alamomin an wuce gona da iri: ciwo a kwiɓi, fitsari ba ƙaƙƙautawa, fitsarin ya riƙa wani ƙamshi kamar na fure, ya yi kumfa ko ya yi ja, zuciya ta riƙa bugawa da sauri. In an ga ɗaya a daina nan take, a je a auna fitsari da kiriyatinin, wato gwajin jinin da ke nuna aikin ƙoda.

Hajiya Ladidi, ungozoma:
Ku dakata, ku maza kun tsaya a ƙoda kun manta da mu. Mai ciki ba ta shan ar'ar, ko wata nawa ne cikin. Mai neman haihuwa ma ta bar shi, haka wadda al'adarta ta yi jinkiri ba ta yi gwaji ba, don sau da yawa a makonnin farkon nan da mace ba ta san tana da ciki ba ake ba ta maganin sanyi. An gwada a kan ɓeraye an ga yana hana ciki zama kuma yana zubar da shi. Mai shayarwa ita ma ta haƙura. Mai jego da ake haɗa wa kayan ƙamshi a kunu, a bar ta da citta da kanumfari da masoron da aka sani, kada a ce an samo wani sabo daga Saudiyya a ƙara mata. Mai zubar jini da yawa lokacin al'ada ita ma ba nata ba ne.

Malam Yakubu:
Hajiya ta kawo mu inda na fi jin tsoro. Akwai wani ɗan dangin, Juniperus sabina, Turawa na ce masa sabin. Wannan guba ne na gaske, ganyensa da mansa na ƙona ciki, su lalata ƙoda da hanta, kuma a tarihin Turai mata da yawa sun mutu ta dalilinsa. A tsofaffin littattafan likitancin Larabawa abhal ake kiransa, Ibn Sina ma ya ambace shi da zubar da ciki. Ruɗanin shi ne a kasuwar magungunan Indiya da Pakistan, 'ya'yan Juniperus communis ɗin ma abhal ake rubuta musu. Suna ɗaya, itace biyu, ɗaya kayan miya ɗaya guba. In akwai ganye a cikin ledar a duba: na communis allura-allura ne masu suka, uku-uku suke fita a gaɓa, kowanne da farin layi ɗaya a tsawonsa. Na sabin yawanci ƙanana ne a manne da reshe kamar ɓawon kifi, in ka murza wari yake yi mai tayar da zuciya. Shi ya sa nake ganin garin ar'ar bai kamata a saya ba sam. Da zarar an niƙa, ni kaina ba zan iya gaya maka mene ne ba da ido.

Malam Habu:
A kan gari muna tare. Ko ba gauraye, gari ba ya riƙe mai, cikin 'yan makonni a zafin Gombe ya zama dusa. A saya busasshensa a dunƙule, a zuba a kwalbar gilashi mai murfi, nesa da rana da murhu, a daka na sha ɗaya kawai. Da damina a riƙa dubawa, don yana da sukari a jikinsa, yana saurin yin fumfuna. Farin da ke gogewa baƙi ya fito nasa ne na halitta. Wanda ya yi gashi-gashi kamar auduga, yana warin rima, wannan a zubar da kwalbar duka.

Bilkisu Pantami:
Don Allah man ar'ar fa na ƙaramar kwalba? An ce ana ɗiga shi a shayi.

Famasis Rabi:
Kada ki sha, ƙanwata. Ɗigo ɗaya na man ya kai miligiram 20 zuwa 40, ke nan ɗigo uku zuwa biyar sun cinye iyakar yini gaba ɗaya, kuma yawancin na kasuwa don ƙamshi aka yi su ba don ciki ba. A fata ake amfani da shi, don ciwon gaɓoɓi da tsamin jiki, shi ma a surke. Ɗigo ɗaya a ƙaramin cokali na man zaitun ko man riɗi ko narkakken man kaɗanya ya ba ki kashi ɗaya cikin ɗari, kada ki wuce ɗigo biyu. Ki fara shafa kaɗan a cikin damtse ki jira awa 24, in ya yi ja ko ƙaiƙayi ki bari. Ban da kan rauni, ban da fuska, ban da yara. Kwalbar da ta daɗe a buɗe iska ta shige ta ta fi cin fata, in warinta ya koma kamar na fenti ta gama aiki. Ɗumin da ake ji jini ne ke taruwa a fatar, yana rage raɗaɗi na ɗan lokaci, ba ya gyara gwiwar da ta zaizaye.

Dr. Usman:
A bambanta shi da wani baƙin mai mai kauri, mai warin hayaƙi kamar kwalta, wanda Larabawa ke kira ƙaɗiran. Daga itacen Juniperus oxycedrus ake ƙona shi a tatso, ana sa kaɗan a wasu sabulai da man wanke kai na amosani, ana kuma shafa wa dabbobi don ƙazuwa. Yana ɗauke da sinadaran finol, fatar jariri kuma siririya ce, tana zuƙe su. A Maroko, inda ake shafa wa jarirai shi a goshi da hanci don kariya, cibiyar kula da guba ta ƙasar ta rubuta yara da suka yi farfaɗiya, ƙoda ta tsaya, wasu suka rasu. Duk wanda aka kawo wa tsarabarsa, kada ya kusanci jariri da shi.

Sani Kumo:
Ni abin da ya dame ni daban ne. Na ji an ce da shi ake yin giya.

Malam Yakubu:
Gaskiya ne da shi ake ƙamsasa barasar da ake kira jin, sunanta ma daga sunan itacen ya fito a Faransanci da harshen Holan. Amma ƙamshi kawai yake ba ta, mayen daga hatsin da aka tsima yake zuwa. Ƙwayar ar'ar ba ta sa maye, kamar yadda dawa ba ta zama haram don ana burkutu da ita. Abin dubawa shi ne ruwan maganin da ake jiƙa shi a barasa, wanda yawanci ƙarfinta kashi 45 cikin ɗari ne. A karanta jikin kwalba, wanda ke son hukunci ya kai wa malamansa, shayin dai ba ruwansa da wannan.

Jamilu Bolari:
Saura suga, ba a ce komai ba.

Famasis Rabi:
A ɓeraye an ga yana sauke suga. A mutane babu gwajin da ya tabbatar, don haka ba maganin suga ba ne, kuma kada wanda ke shan metfomin ko gilibenkalamaid ko allurar insulin ya ajiye nasa. Haɗa su ma yana da haɗari ta ɗaya gefen: suga na iya faɗuwa, mutum ya ji rawar jiki, gumi, jiri. Ga sauran da ba sa jituwa da shi. Magungunan fitsari irin su Lasix da Moduretic, don aiki ɗaya suke yi, ruwan jiki ya ƙare. Litiyom na masu taɓin hankali, wanda ke taruwa a jini in ruwa ya ragu. Sai wanda ya fi yawa a wajenmu, diklofenak da ibufurofen da ake haɗiya kamar gyaɗa. Leburan da ya wuni a rana a watan Afrilu, ya sha diklofenak biyu don ciwon baya, ya kora da shayin ar'ar, ya haɗa wa ƙodarsa abu uku a lokaci guda: ƙarancin ruwa, maganin da ke rage mata jini, da mai tilasta mata fitsari. Wanda za a yi wa tiyata ya daina mako biyu kafin ranar. Mai ciwon zuciya da aka ƙayyade wa ruwan sha shi ma ba nasa ba ne, tun da sharaɗin shan ar'ar shi ne shan ruwa da yawa.

Hajiya Ladidi:
Da azumi ma a ajiye shi. Ka sha abin ƙara fitsari da sahur, kafin azahar ka zubar da ruwan da za ka wuni da shi.

Malam Habu:
Akwai wata hanyar da Jamusawa suka gada daga wani limamin cocinsu, Sebastian Kneipp, ta taunawa. Ranar farko ƙwaya 5, kullum a ƙara ɗaya har 15, sannan a riƙa rage ɗaya har a dawo 5, kwana 21 ke nan. Ko a ranar da ta fi yawa bai wuce giram 2 ba.

Dr. Usman:
Awon ba shi da yawa, na yarda. Abin da ban so ba shi ne a ba mai kumburin ciki jadawalin mako uku. In kumburin bai tafi a mako biyu ba, ko ana ramewa, ko bayan gida ya yi baƙi, ko akwai zafi a ƙahon zuci da ke tayar da mutum da dare, olsa za a nema, ar'ar kuwa yana iya ƙara tayar da cikin da ya riga ya yi rauni. Kumburi na yau da kullum kuma citta da na'ana'a na yin wannan aikin, ga araha, ga shi kowa ya san kamanninsu.

Bilkisu Pantami:
In yana da lambar NAFDAC fa, shi ke nan?

Famasis Rabi:
Lambar magungunan gargajiya da ke ƙarewa da harafin L tana nufin an duba cewa ba ya cutarwa a gwajin farko, ba wai an tabbatar yana warkarwa ba. Shi ya sa za ki ga an rubuta a jiki cewa hukumar ba ta tantance iƙirarin ba. Ki nemi cikakken sunan Juniperus communis, da ɓangaren da aka yi amfani da shi, 'ya'ya ne ko ganye ko itace, da ranar lalacewa. Kwalbar da aka rubuta ar'ar kaɗai ba ta gaya miki komai ba.

Jamilu Bolari:
Allah ya saka da alheri. Na buɗe ledar da ke hannuna yanzu. Yawancinsu baƙaƙe ne da tsagar nan mai uku, amma akwai ja-ja manya a ciki, da 'yan rassa masu ganye a manne.

Malam Yakubu:
To an haɗa maka iri biyu aƙalla. Ja-jan da ganye a manne sun fi kama da phoenicea, amma ganyen sabin ma haka yake manne, hoto kuma ba ya kawo wari. Kada ka sha ko ɗaya daga ledar nan, har baƙaƙen. Ka shimfiɗa rassan a kan farar takarda, ka ajiye ashana kusa da su don a ga girma, ka fasa ja guda biyu ka ƙirga ƙwallayen ciki, ka turo mu gani.